Ruwan Surki

Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda mudu ba ya aunawa. Ina fata kina lafiya, ke da tukwanenki da ƙartin da kike ciyarwa a dajin nan. Direban tankar manku ya ce min har yanzu babu sabis a sansaninku, ko mutum ya hau tulin tsakuwa ya ɗaga waya sama. Ku ke gina wa duniya hanya, ku ne kuma duniya ta manta da ku. Shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin makaranta, direban zai riƙa kawo miki. In kin ga rubutun ya karkace, a kan murfin baho nake yi.

Mu nan ruwan sama ne ya yi mana zaman dirshan. Kwatar layinmu ta cika ta shiga gidaje ba sallama. Masan gidan mai faci ya rufta, sokawen gidan hayar bayanmu, ramin ƙazantarsu, ya yi amai har bakin titi. Wari kam sai dai a toshe hanci. Amma kin san faɗuwar wani tashin wani: duk mai rufin da ke yoyo bokiti yake nema. Na sayar da robobi har da waɗanda rana ta cinye wa launi.

'Yarki Barkono tana nan, baki ya fi jiki. Jiya wata ta zo tana ta ƙwanƙwasa baho tana taya shi a wulaƙance, sai yarinyar nan ta ce, "Hajiya, in ba saya za ki yi ba ki daina buga shi, ba kankana ba ne." Matar ta biya ba ta sake tayawa ba. Shekara shida ke nan, ina ga ta kai goma? Rumfar ma ƙwace ta za ta yi.

Af, kafin in manta. Salansar babur ta ɗan lashe ta a sha-raɓar hagu, muna sauka daga kasuwa. Wurin bai kai tafin hannunta ba, kar ki ta da hankalinki. Ina tafasa ruwa da gishiri ina wanke mata safe da yamma, mai kemis kuma ya ba mu man shafawa da kafso. Ihu dai take kurma min in ta ga na nufo ta da kwano, sai ki ce yanka ta zan yi.

Ki huta lafiya. Allah Ya bar zumunci.

Yayarki Mai Roba


Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami takardarki. Ina lafiya, aiki da godiya.

Na lura maganar ƙunar ce ta zo ƙarshe. Na san ki, Yaya: kayan da ya tsage shi kike sawa a ƙasan tuli. Don Allah ki faɗa min yadda wurin yake da gaske. Ya yi ruwa? Tana taka ƙafar?

Ihun da take yi, zafin ruwan ne. Tun tana jaririya ba ta jure zafi. Ki riƙa surka mata da na sanyi har sai kin tsoma gwiwar hannunki kin ji daidai, yadda marigayiya Inna take mana. In ba haka ba za ta riƙa guje miki, wankin ma ya gagara. Ki hana ta shiga kwatar nan, ki hana ta wasa a ƙasa.

Ban manta da ɗawainiyar da kike yi ba. Tun da ubanta ya sa ƙafa ya tafi, ke ce uwa ke ce uba. Allah Ya saka miki da alheri. Ki ce mata Ummanta na gaishe ta, kuma ta rage wa manya baki.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Auta,

Sallama da gaisuwa. Tun da kin ce in daina sa fasasshe a ƙasan tuli, ga shi a sama: muna asibiti.

Ki zauna tukuna, ki karanta har ƙarshe. Wurin ya fara kamewa, har na fara yabon kaina. Sai ya dawo ya kumbura, ya fara fitar da mugunya mai wari, jikinta ya ɗau zafi kamar murfin tukunya. Na koma wurin mai kemis, ya canza kafson daga mai ja da rawaya zuwa fari. Bai yi ba. Ya koma allura. Bai yi ba. Da na ga ya fara kallon kantarsa yana sosa ƙeya kamar mai neman abin da zai sayar min, sai na goya ta muka yi ƙaramin asibitin unguwa. Su ma suka yi nasu allurorin, suka turo mu babba.

Muna ɗakin yara, gadonmu na jikin taga, fankar sama tana juyi kamar mai jin yunwa. Likitar wata siririya ce mai tabarau, ko ke ba ta kai ki shekaru ba. Na ce mata, "Likita, ki rubuta min ko wane magani ne, ko a ina yake a kasuwar nan zan tono shi. Ni ba a ɓoye min kaya." Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, ba rashin magani ne matsalar ba. Waɗanda aka ba ta masu kyau ne, ciwon ne bai ji su ba." Sun ɗebi jini da ruwan ciwon sun kai ɗakin awo, sun ce sai sakamako ya fito.

Wani abu ya tsaya min a rai. Matar mai faci tana gadon da ke kallon namu, jaririnta gudawa ta ƙi tsayawa. Can ƙurya kuma ɗan gidan hayar bayanmu ne. Layi ɗaya, gado uku. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kin tambaya ko tana taka ƙafar. Ba ta takawa. Abin da ya fi damuna ma shirunta ne. Nas ta zo ta soka mata allurar ƙarin ruwa, ina jira in ji ta yanka mata baƙar magana, sai kawai ta juyar da kai ta kalli bango.

Kar ki taso. Abin da kike aikowa shi ke riƙe da gadon nan, kuma kin san manajanku ba ya mayar da wanda ya tafi. Ina nan, ido biyu. Ki yi mana addu'a.

Yayarki


Ranar Asabar

Yaya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na karanta takardar a tsaye a bayan kicin. Ranar shinkafar mutane ta ƙone, ban ma ji ƙaurin ba.

Na je wurin manaja. Ya ce sai mai canjina ta iso, kuma bai san ranar ba. Na juya na fito, don na tuna maganarki.

Yaya, ban gane ba. Yaya za a ce ciwo bai ji magani ba? Ƙuna ce fa, ƙunar salansa. Yara nawa ta ƙona suka warke? Ki tambayi likitar da kyau, ki rubuto min abin da ta faɗa yadda ta faɗa, ba yadda kika gyara shi ba. Na haɗa ki da Allah kada ki rage min komai.

Direba ya yi alkawarin zai riƙa biyowa ta asibitin duk sawun da ya yi. Ki shafa min kanta.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Talata

Auta,

Assalamu alaikum. Kin haɗa ni da Allah, to ga shi ba ragi.

Sakamako ya fito. Da likita ta ga na cika ta da tambaya, sai ta ja ni ɗakin awo ta nuna min wani ɗan faranti mai murfi. A ciki suka shuka abin da suka ɗiba a ciwon, ya tsiro ya rufe farantin kamar fumfuna a kan burodi. An jera wasu 'yan mitsi-mitsin takardu a kai, kowace an jiƙa ta da magani iri guda. Ta ce in magani na aiki, za a ga fili kewaye da takardarsa, cutar ta ja baya. Auta, na duba. Cutar ta hau har jikin takardun ta yi zamanta, kamar 'yan hayar da suka fi ƙarfin mai gida. Guda ɗaya tak ke da ɗan fili.

Na ce, wannan wace irin masifa ce? Ta ce ƙwayar cuta ce da ke zama a hanjin mutum da na dabba, tana fita a bayan gida. Mutane na watsa kafso kamar gyaɗa, da sun ji sauƙi su ajiye. Masu kaji na zuba shi a ruwan kaji. Asibiti ma nasa dattin yana fita. Duk a kwata ɗaya ake haɗuwa. Ƙwayoyin da magani bai kashe ba su ke hayayyafa, har su koya wa maƙwabtansu taurin kai. Na ce, "Ashe makaranta suke yi a kwatar." Nan ma ba ta yi dariya ba. Ni ma dai ba dariyar nake ji ba.

Na ce to me ya kai bayan gida ƙafar yarinya? Ko tsakar gida ban bari ta taka ba, a kan tabarma take wuni. Sai nas babba, wata dattijuwa mai ƙiba, ta kawo kwano da buta ta ce in gwada mata yadda nake wankin. Na gwada. Ga tafasasshe, ga gishiri, ga na ɗebo na sanyi na surka. Ta riƙe min hannu.

"Wannan na sanyin daga ina?"

"Randa."

"Randar daga ina?"

"Rijiyar layinmu."

Ta saki hannuna ta ce, "Kin tafasa rabi, kin zuba wa rabin abin da kika tafasa don ki kashe. Da kin bar shi ya huce da kansa." Ta ce ba za ta rantse cewa nan ne ba, amma ita nan take zato.

Ki saurare ni da kyau, don na san inda zuciyarki za ta tafi. Ko ba ki rubuto ba, surkawa zan yi. Wa ke zama jiran ruwa ya huce yarinya na kuka, kasuwa na jira? Haka Inna ta yi mana, haka kowa ke yi. Kar ki ɗora wa kanki.

Duba-gari sun je layin sun ɗebi ruwan rijiyoyi, sun dawo sun shafa wa tamu jan fenti. Ambaliyar nan ce ta haɗa ta da masai ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwan garau yake, Auta, in allura ta faɗa za ki hango ta. Ba wari, ba ɗanɗano. Maƙwabciyata ta ce min 'yan ga-ruwa har yanzu suna ɗiba da sassafe suna turawa wasu unguwanni, a jarkokin da suka saya a rumfata. Mai latas na yayyafa wa kayansa, mai shayi na ɗauraye kofi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. To da wane ruwan? Yanzu ko alwala zan yi sai na tsaya ina kallon butar.

Jaririn matar mai faci ya rasu shekaranjiya. Na taya ta naɗe kayanta.

Saura babbar magana. Ciwon ya yi zurfi, ya kusa ƙashi. An fara mata maganin nan guda ɗaya da ya rage, amma likita ta ce mai ƙarfi ne, yana taɓa ƙoda in aka daɗe ana yi. Shawararta ita ce a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, a raba ta da gidan cutar, sai a taƙaita maganin. In an bar ƙafar, sai an daɗe a kansa, kuma ba tabbas.

Na ce mata ni riƙo nake, uwar yarinya ce mai magana, kuma takarda ba ta da fiffike. Ta dube ni, ta san ciniki nake. Ta ɗauki biro ta zana layi a ƙafar, kewaye da inda jan ya tsaya. Ta ce za ta jira amsarki, amma in jan ya ƙetare layin nan ba za ta jira kowa ba.

Ki yi tunani, ki yi istihara. Ni dai kin ji abin da na sayo mana: lokaci.

Yayarki


Ranar Alhamis

Yaya,

Sallama.

Ni na ce ki surka. Da hannuna na rubuta. Na ga yadda kika lulluɓe maganar don ki rufa min asiri, na gode, amma na iya karatu.

Ba na buƙatar dogon tunani. A yanke. Ki je wurin likita da takardar nan ki nuna mata, ga sa hannuna a ƙasa. Ni uwarta ce, na yarda a yanke.

A nan akwai wani mai gadin sito, injin ya cinye masa ƙafa tun yana saurayi. Yana da mata da 'ya'ya, yana cin abinci ya fi kowa, yana tsokanata kullum a kan gishiri. Na dube shi jiya har ya tsargu. Mai ƙafa ɗaya ana gaisawa da shi, Yaya. Wanda ke ƙasa ba a gaisawa da shi.

Na san halinki. Ba ki taɓa karɓar farashin farko ba, kuma sau da yawa ke ke cin riba. Wannan ba baho ba ne. Kada ki taya. Na ba da shawara sau ɗaya daga nesa ta zama abin da ta zama, ba zan iya ɗaukar ta biyu ba. Ki bar min ita da rai ko yaya take, zan goya ta har ƙarshen rayuwata.

In za a shiga da ita, ki ce mata barci za ta yi. Ki riƙe hannunta har ƙofa.

Allah Ya dube mu.

Auta


Ranar Lahadi

Auta, ƙanwata,

Gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta. Ban kai wa likita ba. Da ta tambaye ni, na ce mata direba bai zo ba.

Ki zage ni, kina da gaskiya. Amma ki ji abin da idona ya gani, wanda naki bai gani ba. Jan nan bai ƙetare layin ba. Ya zo ya jingina da shi ta wajen gwiwa, ya tsaya. Nakan ɗaga zanen da aka rufa mata in duba har nas ta ce zan ƙarar da layin da kallo. Zazzaɓin ma ya ɗan sassauta. Jiya ta buɗe ido ta ga mai shara na jan bokiti a ƙasa, ta ce, "Mama Roba, wannan ba irin namu ba ne, ba zai yi wata ba." Muryar kamar ta sauro, amma tata ce. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna.

Ta yaya zan kai ta a yanke a ranar da ta fara magana? Kin ce kada in taya. Auta, ni ba riba nake nema ba. Da hannun nan nawa na zuba ruwan, safe da yamma, tana ihu ina cewa ta yi haƙuri magani ne. In akwai hanyar da za ta fita daga nan da ƙafafunta biyu, ba zan iya rufe ta da kaina ba.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Sun sa mata robar fitsari, da jaka a rataye a gindin gado mai zane-zanen awo. Nas na zuwa ta ɗaga ta duba ta rubuta. Da farko jakar na cika. Yanzu ba ta kai inda take kaiwa, kuma launin ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Na ga likita ta tsaya a kanta fiye da yadda ta tsaya a kan ƙafar. Ta ce min, "Mama, ƙodar ta fara gajiya. Kowace allura da muka ƙara, daga jikinta muke ciro ta. Har yanzu uwar ba ta amsa ba?" Na ce har yanzu. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube ni. Ina jin ta sani.

Na roƙe ta a ƙara kwana biyu. In jan bai ja baya ba, da kaina zan miƙa mata takardarki, in faɗa mata ƙarya na yi.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. A kasuwa in ciniki ya ɓaci sai ki tashi ki kaɗe zane. Nan ba inda zan tashi in je.

Ki yafe min, ko ki bari sai mun ga ƙarshe.

Yayarki


Ranar Talata

Auta,

Sallama.

Jan ya ja baya, ya bar layin da faɗin yatsa. Likita ta ce ƙafar ta tsira, in sha Allah.

Fitsarin ne ya tsaya. Tun jiya babu ko ɗigo, fuskarta ta kumbura. Sun dakatar da maganin, sun ce a jira ƙodar ta farfaɗo. Na tambaya in ba ta farfaɗo ba fa, ba wanda ya dube ni.

Direba zai tsaya miki a bayan kicin. Kar ki nemi izinin kowa, ki bar tukunyar a kan wuta. Duk abin da za ki faɗa min, ki zo ki faɗa min a gabana.

Ina zaune a ƙasa, ina kallon jakar.

Yayarki